Ma'aikatan gidan abinci: me ya riƙe ku, me ya kore ku?

Manaja, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da ma'aikata a wani gidan abinci, kuma duk da goron sallah da muke bayarwa, da ƙyar mai kai abinci tebur yake cika shekara a wurinmu. Ina roƙon waɗanda suka yi wannan aiki su faɗa mana gaskiyar abin da suka gani.

Mai girki, Kano: Wa alaikumus salam, Malam. Ni abin da ya fi mini goron sallah shi ne a biya ni albashi ranar da aka yi alkawari, domin mai gidan haya ba ya karɓar uzuri. A wurin da na bari, idan azumi ya kama muna tsaye gaban murhu tun azahar har a sallami masu buɗa-baki, sannan a ba mu atamfa ana gobe sallah, amma ba a taɓa biyanmu ko kwabo na ƙarin lokacin ba. Inda nake yanzu Hajiya tana ba mu hutun kwana ɗaya a mako, kuma da ɗana ya kwanta a asibiti ita ta sayi magani ba tare da ta cire daga albashina ba. An yi mini tayin kuɗi fiye da nata, na ƙi tafiya.

Mai kai abinci, Abuja: Tamu damuwar tukwici ce. A da kwastoma yakan bar maka canjinsa a hannu, yanzu kuwa da POS yake biya, sai abin da ya ɗora dominka ya faɗa asusun gidan, ba ka sake jin labarinsa.

Mai wanke-wanke, Zariya: Yaya, ku har kuna ganin tukwici. Mu da muke bayan kicin babu wanda yake tunawa da mu sai ranar da faranti ya fashe, a cire kuɗinsa daga ɗan abin da ake ba mu. Ranar da maigida ya kira sunana a gaban kowa ya yaba tsabtar tukwanena, na yi aikin makon nan da daɗin rai.

Tsohon kashiya, Jos: Malam manaja, a 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin gidajen abincinmu a wannan rukuni suke. Nawa kuke biyan masu kai abincin da suke barin ku?