Fanel ɗin VFD na injin shinkafa yana yankewa da azahar

Mai tambaya, Argungu:
Assalamu alaikum iyayen gidana. Aikin wayarin nake yi. A watan Janairu na haɗa wa wani Alhaji fanel na injin casar shinkafa, moto mai kilowat 30, layi uku, bolt 415. Na sa VFD (na'urar da ke sarrafa gudun moto) daidai girman moton, biraka (mai yanke wuta in ta yi yawa) a gaba, kwantakta (makunnin da ke haɗa wuta da yanke ta) tsakanin VFD da moto, na rufe akwatin ruf saboda ƙura. Da hunturu lafiya lau. Tun da zafi ya shigo, da an yi azahar sai VFD ɗin ya yanke, allon ya nuna zafi ya yi yawa. Alhaji har ya fara cewa jabu na sa masa. In sayo babba ne, ko yaya?

Injiniya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. VFD yana mayar da kusan kashi 3 cikin 100 na wutar da yake ja zuwa zafi. A kilowat 30, wajen wat 900 ke nan, kamar ka kunna dutsen guga ka kulle shi cikin akwati. Yawancinsu kuma a digiri 40 aka auna cikakken ƙarfinsu, kai kuwa ka san Afrilun Kabi, ko a inuwa ana wuce haka, balle ƙarƙashin kwano. Ka huda akwatin, fanka ta shigo da iska daga ƙasa ta cikin matata, zafin ya fita ta sama. Ka bar masa fili sama da ƙasa, aƙalla santimita 10.

Mai gyaran injuna, Jega:
Oga, ka yi mini afuwa, matata a gidan casa ba ta mako ɗaya. Ƙurar buntu kamar gari take, in ta haɗu da raɓa sai ta daskare. Na taɓa buɗe wani VFD, haƙarƙarin ƙarfen da ke bayansa mai fitar da zafi ya cushe dam, sai da tsinke na yi ta sakata. Ni dai a fitar da fanel ɗin zuwa ɗakin da ke gefe, a jawo kebul mai sulke, a haɗa sulken da wayar kariya mai shiga ƙasa a bakin nan biyu.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Gaskiyarka, in akwai ɗakin.

Malamin lantarki, Zuru:
Duk kun tsallake abin da ya fi tayar mini da hankali. Kwantaktan nan tsakanin VFD da moto, cire shi yau. Ranar da wani yaro ya kashe kwantaktan moto na gudu, ba maganar yankewa za a yi ba, ƙonewa ce. In kana son kwantakta, ka mayar da shi gaban VFD, tayarwa da tsayarwa kuma ta ƙananan wayoyin umarni. Sannan ka auna amfiya, wato yawan wutar da moton ke ja, lokacin da shinkafa ke ciki, ka gwada da abin da ke rubuce a jikin moton. Kada ka taɓa ciki sai ka kashe wuta ka jira minti 10, kafasitocin, masu ajiye wuta a cikin VFD, suna riƙe wutar da za ta iya kisa.

Mai tambaya, Argungu:
Allah Ya saka da alheri. Na je da asuba na buɗe, fankar jikinsa ma da ƙyar take juyawa don buntu. Na busa, na cire kwantaktan. Amfiya ba ta wuce ta jikin moton ba. Alhaji ya yarda a koma ɗakin ajiyar buhuna, nisan bai kai mita 15 ba. Ranar Asabar zan jawo kebul ɗin in Allah Ya yarda.