A gaya musu na bogi ne kafin su kalla, ko a bar su a duhu?

Darakta: Assalamu alaikum. Mun gama editin na farko na fim ɗin da za mu miƙa ƙarshen zango. Dokumentarin bogi ne, minti 14, a kan kwamitin da aka kafa don binciken kujerar malami da ta ɓace daga aji. Akwai hira da shaidu, da mai ba da labari mai kakkausar murya, har da wani "masani" da ke kawo tarihin kujerar. 'Yan ajinmu sun kalla, an yi dariya har da riƙe ciki, kowa ya ce ya yi. Ni kuwa na fito ban ƙaru da komai ba. Matsayina yanzu shi ne ra'ayin 'yan aji ba shi da amfani a irin wannan fim, kuma duk wanda za a nuna wa don gwaji kada a gaya masa na bogi ne. Edita ya ƙi yarda. Ku raba mu.

Edita: Wa alaikumus salam. Ban ƙi duka ba, ranka ya daɗe, rabi na ƙi. Amma a ce mutanen da suka san kyamara da sauti ba su da abin faɗa, wannan rainin hankali ne.

Mai Sauti: Ni ina bayan Darakta. Ina zaune a baya ina lura. Tun kafin shugaban kwamitin ya buɗe baki aka fashe da dariya, saboda sun san shi, sun san bai taɓa sa kwat a rayuwarsa ba. Malamin da zai ba da maki bai san wannan ba. Abokinsu suka yi wa dariya, kuma so hana ganin laifi.

Autan Aji: Wallahi ni ma kwat ɗin ce ta kashe ni.

Mai Sauti: Ka ji ko.

Darakta: Shi ya sa nake son baƙin ido. Ƙarfin irin wannan fim yana cikin yadda ya yi kama da gaske. A 1 ga Afrilu 1957 shirin Panorama na BBC ya nuna wani iyali a kudancin Siwizalan suna tsinkar taliya daga bishiya. Richard Dimbleby ne ya karanta rahoton, da muryar da mutane suka saba jin labarin gaske da ita. Masu kallo suka yi ta buga waya suna tambayar yadda za su shuka tasu. Da an sanar da su tun farko, wa zai tuna da rahoton yau? Ina so in san ko namu zai iya riƙe mutum ko na minti biyar ne.

Yayan Aji: Ƙanina, kafin a ci gaba, fim ɗinka na yaudara ne ko na barkwanci? Abu biyu ne ka haɗa. Rahoton taliya an yi shi ne don a yarda. Haka Forgotten Silver, wanda Peter Jackson da Costa Botes suka yi a 1995 a Niyu Zilan, kan wani Colin McKenzie da suka ƙirƙira suka ce yana cikin magabatan harkar fim. Sun sa sanannun mutane na gaske suna ba da shaida, aka nuna a talabijin, da yawa suka gaskata, da asiri ya tonu wasu suka fusata. To amma ka dubi The Office, shirin barkwanci na talabijin mai kama da dokumentari, na Ricky Gervais da Stephen Merchant, da ya fara a 2001. Masu bibiyarsa sun san 'yan wasa ne, kuma sanin bai rage masa komai ba. Daɗin yana cikin cewa mai kallo ya sani, shi kuwa mutumin cikin fim yana ɗaukar kansa da muhimmanci. Kwamiti a kan kujera, fisabilillahi, wa kake so ya gaskata har ƙarshe? Idan baƙo ya kalli minti 14 bai gane wasa ba ne, ba nasara ka yi ba, fim ɗin ne bai ba da dariya ba.

Darakta: Yaya, ba har ƙarshe nake nufi ba. So nake a fara da yarda, shakka ta shigo a hankali, a zo wajen masanin nan a gane.

Yayan Aji: Yauwa, yanzu ka faɗi abin da za a iya aunawa. Tambayarka ga baƙo ita ce, a wane wuri ka gane? Idan ya ce tun minti na farko, ka yi gaggawa. Idan ya ce sai da sunayen 'yan wasa suka fito, ka makara. A wannan kaɗai na yarda a bar mutum a duhu, kuma sau ɗaya yake yiwuwa da kowane mutum, don haka kada ka ƙona baƙinka a kan editin da ka san bai kammala ba.

'Yar Jarida: Ku yi haƙuri in shigo ta wata ƙofa. Ni ba na jin daɗin wannan ɓoyewar. Ka roƙi mutum ya ba ka lokacinsa ya taimake ka, sannan ka mai da shi abin gwaji bai sani ba. Wanda ya ji an yi wasa da hankalinsa ba zai ba ka ra'ayi na gaskiya ba, kare kansa zai yi, ya ce ai tun farko ya gane.

Mai Sauti: Anti, ba ƙarya za a yi masa ba. A ce masa ga gajeren fim na ɗalibai, ka kalla. Shi ke nan.

'Yar Jarida: Idan iyakar abin ke nan, kuma aka warware masa da zarar an kunna fitila, na sassauta. Amma akwai abin da ya fi wannan damuna. Na ga sunan sashenmu na gaske a jikin ƙofa a sin na biyu, wato fitowa ta biyu a fim ɗin, kuma mutum biyu da aka tare a hanya aka tambaya game da kujerar ba 'yan wasa ba ne. Sun san da wane irin fim za su fito? Gobe wani ya yanko daƙiƙa talatin ya tura a WhatsApp ba tare da sauran ba, sai a wayi gari ana cewa an yi sata a sashen. Baƙo ba zai taɓa hango muku wannan ba. Ɗan aji ne zai hango, wanda kuka ce ra'ayinsa ba shi da amfani.

Edita: Allah ya saka, abin da nake ta faɗa ke nan. Ga wani kuma. A sin ɗin da kwamiti ya buɗe sito, kyamara tana ciki tana jiransu kafin su turo ƙofa. Mai ɗaukar dokumentari na gaske bai san abin da zai faru ba, a baya yake biyowa, wani lokaci ma ya makara ya juya kyamara bayan an gama maganar. Baƙo zai ji wani abu bai zauna ba amma ba zai iya nuna shi da yatsa ba. Wanda ya taɓa riƙe kyamara ne zai ce maka ga shi nan. Haka gardamar da aka ɗauka ta kusurwa uku alhali an ce mutum ɗaya ne ke ɗauka. Haka sautin da ya fita tas a tsakiyar hayaniya ba makirufo a jikin kowa.

Mai Sauti: To, an iso kaina. Kwana na yi ina goge hayaniyar nan.

Edita: Ka dawo da rabinta, malam.

Yayan Aji: Laifin ba na 'yan aji ba ne, tambayar da aka yi musu ce. Ka tsaya gaban abokanka ka ce "ya kuka gani", me kake jira ban da "ya yi"? Akwai tsarin da Liz Lerman, wata mai tsara rawa a Amurka, ta fito da shi a 1990, ana amfani da shi a makarantun fasaha. Masu kallo su fara faɗin abin da ya tsaya musu a rai. Sai mai aikin ya yi nasa tambayoyin. Sannan su yi masa tambayoyin da ba su ɗauke da hukunci, wato maimakon "me ya sa hirar masanin ta yi tsawo haka", a ce "me ka duba wajen yanke tsawon hirar". Ra'ayi shi ne na ƙarshe, shi ma sai ya ba da izini. Ni zan ƙara da cewa kowa ya rubuta amsarsa a takarda kafin a fara magana, don mai babbar murya in ya riga kowa, sauran binsa suke yi. Kai kuma Darakta ka kama bakinka. Da ka fara "ai abin da muke nufi shi ne", gwaji ya lalace, tunda ba za ka bi fim ɗin gida-gida kana bayani ba.

Darakta: Wannan tsarin bai yi laushi da yawa ba? Ni so nake a faɗa mini inda ya lalace kai tsaye, lokaci ya ƙure.

'Yar Jarida: A nan ina tare da kai. Neman izini kafin a faɗi ra'ayi, a ajin da kowa ke jin nauyin kowa, zai ƙara ba mutane mafaka ne. Takarda ba suna ta fi.

Autan Aji: Ni dai roƙona kada a taɓa wajen da shugaban kwamiti ya kalli kyamara ya ɗaga gira.

Yayan Aji: Sau nawa ya yi hakan?

Autan Aji: Kusan duk sin ɗin da ya fito.

Yayan Aji: To ya san yana ba da dariya ke nan, kuma ɗan wasan da ya nuna ya sani ya karya fim ɗin. A bar ɗaya.

Darakta: Ga abin da zan yi. Edita ya gyara sauti ya rage girar, a rufe sunan sashen, mu koma wajen mutanen biyun nan mu nemi yardarsu ko a cire su. Sai a tara 'yan wani sashe da ba su san kowa a ciki ba, a ce musu gajeren fim ne kawai, su rubuta inda suka gane da inda suka fara duba waya. 'Yan aji kuma su sake kallo da tambayoyin kyamara da sauti zalla. Amma sin ɗin sito yana nan. Shi ne hoto mafi kyau a fim ɗin gaba ɗaya.

Edita: Kyansa ne matsalar. Ina da ɗaukar da aka biyo su ta baya, tana rawa, rabin kan shugaban ya fita daga hoto. Zan haɗa kwafi biyu, a raba baƙin gida biyu, kowane rukuni ya kalli ɗaya.

Darakta: Haɗa. Amma idan suka zo kunnen doki, nawa za a miƙa.