Abokina ya kwana biyu a hannun 'yan sanda don ya raka 'yar ajinmu bakin titi

Ɗalibin Noida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wallahi raina a ɓace yake, tun jiya abinci ya ƙi shiga. Shekarata uku ina karatun haɗa magunguna a Greater Noida, jihar Uttar Pradesh ta Indiya. Ina da aboki ɗan ƙasar, Musulmi, tare muke zuwa Juma'a, mahaifiyarsa ce ke aiko mana da abinci ranar Sallah. Shekaranjiya da magariba ya raka budurwarsa, 'yar ajinmu Hindu, inda ake hawa a-daidaita-sahu. Ina bayansu da kamar taku ashirin. Sai ga samari biyar a kan babura, kowanne da ƙyalle ruwan goro a wuya, alamar masu tsananin kishin addinin Hindu. Sunansa suka fara tambaya. Da ya faɗa, suka ce ya fito da katin shaida. Ɗaya ya ɗaga waya yana ɗauka, ɗaya ya kwaɗa masa mari har tabaraunsa ya faɗa kwata. Yarinyar na kuka tana cewa ita ta ce ya rako ta, ba wanda ya kalle ta. Da 'yan sanda suka zo shi suka jefa a mota, waɗanda suka dake shi suka hau baburansu. Wai jihadin soyayya yake yi, wato zai yaudare ta ya musuluntar da ita. Ni kaɗai na ga abin daga farko. In je in ba da shaida, ko in yi shiru tunda bizar ɗalibi gare ni?

Baban Khalifa: Innalillahi. Allah ya kuɓutar da shi. Amma tsaya ɗana, "budurwarsa" na ji ka ce? Musulmi mai zuwa Juma'a, budurwarsa kuma mai bautar gumaka?

Ɗalibin Noida: Baba, mutum na tsare fa.

Baban Khalifa: Na ji. Amma daga nan maganar ta taso. Suratul Baƙara aya ta 221 ta hana auren mushrika sai ta yi imani. Waɗanda Ma'ida aya ta 5 ta halatta Bayahudiya ce da Banasariya. Hindu ba Ahlul Kitabi ba ne. To wannan neman ina ya dosa?

Maman Ilham: Allah gafarta Malam, duk yarinyar da ba ta yi aure ba budurwa ce a Hausa. Yaron bai ce an yi wani abu ba.

Baban Khalifa: Budurwa daban, budurwarSA daban, Hajiya. Wannan "sa" ɗin da ke ƙarshe ita ce matsalar.

Ɗan Maraɗi: To idan ta musulunta ta dalilinsa fa? Ai ya tsinci dami a kala, ga mata ga lada.

Ƙaramin Barista: Yaya, wannan maganar taka ita ce daidai abin da masu ƙyallen ke zargi, ka ba su ita a faranti. A watan Nuwamba 2020 gwamnatin jihar Uttar Pradesh ta Yogi Adityanath ta kafa dokar hana sauya addini ta hanyar tilas, yaudara ko aure, da ɗaurin da ke kaiwa shekara 10. Mai son sauya addini sai ya sanar da majistaren gunduma kwana 60 kafin ya yi. Kuma wanda ake zargi shi zai tabbatar da cewa bai tilasta ba, maimakon mai ƙara ya kawo hujja. A 2024 suka ƙara mata tsanani har zuwa ɗaurin rai da rai, kuma kowa na iya shigar da ƙorafi, ba sai dangin yarinya ba. Ko da ba wanda zai sauya addini, dokar aure ta 1954 ta ce sai an manna sanarwa ta kwana 30 a ofis, kowa ya karanta sunayensu. Ta nan ake gano masu shirin irin wannan aure.

Ɗan Maraɗi: Wato kana nufin da'awa laifi ce, Barista?

Ƙaramin Barista: Ina ka ga na ce haka? Doka nake karanta maka. Su kansu a Fabrairu 2020 ƙaramin ministan cikin gida na Indiya, Kishan Reddy, ya gaya wa majalisa cewa kalmar jihadin soyayya ba ta da ma'ana a dokokin ƙasar, kuma hukumomin bincike na tarayya ba su kawo rahoton ko ɗaya ba.

Ɗan Maraɗi: Ni dai kalmar ce ma ke ƙona min rai. Jihadi abu mai daraja, a haɗa shi da zance bakin titi?

Maman Ilham: Duk kuna magana kamar ita yarinyar tunkiya ce da za a ja da igiya. Ku nemi labarin Hadiya ta jihar Kerala. Da kanta ta musulunta tana ɗaliba, kafin ta yi aure. Ta auri Shafin Jahan a Disamba 2016, lokacin mahaifinta ya riga ya kai ƙara, babbar kotun Kerala ta rushe auren a Mayu 2017 ta mayar da ita hannun iyayenta, mace mai shekara 24. Watanni ta yi a gida da 'yan sanda a ƙofa. Sai a Maris 2018 Kotun Ƙoli ta mayar mata da aurenta. Ita ma 'yar ajin nan tana ihu tana cewa ita ta ce a rako ta, su ba su ji ba, ku ma ba ku ji ba.

Baban Khalifa: Hadiya ta musulunta kafin aure, kin ga hujjata kika kawo. Ba ta zama "budurwar" kowa ba.

Hajiyar Fagge: Ni abin ya ɗaure min kai. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, ba mu taɓa sanin akwai wannan gaba ba. Sharu Khan ba Musulmi ba ne? Tun 1991 ya auri Gauri, Hindu, suna nan da 'ya'yansu uku. Wa ya kama shi?

Ƙaramin Barista: Mai kuɗi ba a tare shi a bakin titi, Hajiya. Kuma ko a allo yanzu ba a tsira ba. A Oktoba 2020 kamfanin gwala-gwalai na Tanishq ya yi tallar dangin Musulmi suna yi wa surukarsu Hindu bikin ciki. Aka yi musu ca har suka janye tallar.

Baban Khalifa: Finafinan nan ai su suka lalata mana tarbiyya. Rawa da waƙa a cikin ruwan sama, yau ga shi 'ya'yanmu na can suna raka masu rakiya.

Hajiyar Fagge: Malam, kada mu tona. Zamaninmu ɗaya, na san waɗanda ba sa fashin layin sinima a Kano, yau su ne da dogon gemu.

Baban Khalifa: Ki faɗi suna in kin isa.

Hajiyar Fagge: Wanda ya tsargu da shi ake.

Maman Ilham: Don Allah Yaya Hajiya ki yi haƙuri, shi ma Malam ya yi haƙuri.

Malamin Tarihi: Zan faɗi wata magana ko da ba za ta yi daɗi ba. Zalunci ne aka yi wa yaron nan, kuma ƙarfin gwamnati yana gefe ɗaya: ƙidayar 2011 ta nuna Hindu kusan kashi 80, Musulmi kashi 14. Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, rushe masallacin Babri a 6 ga Disamba 1992, rikicin Gujarat na 2002, duk suna nan a zukata. Amma ƙin auren juna ba na ɓangare ɗaya ba ne. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta tambayi kusan mutum 30,000 ta fitar da sakamako a 2021: kashi 67 na Hindu suka ce yana da matuƙar muhimmanci a hana matansu auren wani addini, Musulmi kashi 80. Kuma a Fabrairu 2018 a Delhi dangin wata yarinya Musulma suka kashe saurayinta Hindu, Ankit Saxena, a kan titi. Mahaifinsa ya ƙi yarda a mai da abin rikicin addini, har ya shirya buɗa-baki a unguwarsu da azumi ya zo.

Ɗan Maraɗi: Ka ji lauyan firaminista Modi. Nawa suka biya ka?

Malamin Tarihi: Allah ya isa tsakanina da kai. Ni ne zan fara gaya maka cewa a Disamba 2017 a Rajsamand ta jihar Rajasthan wani mutum ya sassare lebura Musulmi, Mohammad Afrazul, ya ƙona shi, aka ɗauki bidiyo yana ambaton wannan jihadin soyayyar. Jinin wannan da na wancan duk jini ne.

Ɗan Maraɗi: Kana haɗa jinin mumini da na wanda ba ya sallah?

Baban Khalifa: Kisa haramun ne ko na wane ne, wannan ba na tare da kai Ɗan Maraɗi. Amma kashi 80 ɗin nan ba abin kunya ba ne, Malam. Mu aya muke bi, su ƙabilanci suke bi.

Malamin Tarihi: Su ma haka za su ce game da mu.

Baban Khalifa: To ka fito fili ka ce aya da son zuciya ɗaya ne.

Malamin Tarihi: Kada ka sa min magana a baki.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi, na rufe wannan magana. Ga abin da aka tsayar. Kowa ya yarda ana zaluntar 'yan'uwanmu Musulmi a Indiya, Barista ya kawo dokokin da ke nuna haka, Allah ya saka masa. An kuma tabbatar da aya cewa neman auren wadda ba Ahlul Kitabi ba bai halatta ba, kamar yadda malaminmu Baban Khalifa ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ba wanda ya iya kawo hujjar da ta karya shi. Da yaron ya kiyaye wannan da bai ba su ƙofa ba. Hajiyar Fagge ta nemi afuwar Malam a keɓe. Alƙaluman Pew da Malamin Tarihi ya kawo na Turawan Amurka ne, ba mu gina komai a kansu ba, kuma ina roƙonsa ya daina kawo abin da zai raba kan zaure.

Ɗalibin Noida: An sake shi ɗazu bayan isha'i, kawunsa ya tsaya masa. Ya ce kada in je ofishin 'yan sanda, za su tambayi takarduna. Leɓensa a kumbure yake, ba ya gani sosai babu tabarau, gobe zan raka shi a yanka masa wani. Ita kuwa wayarta a kashe take tun ranar, 'yar ɗakinsu ta ce yayanta ya zo da mota ya kwashe kayanta. Saura sati biyu mu fara jarrabawa.