Maki 234: ta jira gurbin karatun lauya ko ta canza kwas?

Kawu: Assalamu alaikum. Na ga sakamakon JAMB na Auta, 234 cikin 400. Masha Allah, ta yi ƙoƙari. Amma ni dai ra'ayina ta canza kwas tun ƙofa na buɗe. A karatun lauya makin JAMB shi ne komai, wanda bai haura sosai ba ɓata shekara kawai zai yi. Ta koma kimiyyar siyasa ko tarihi, ta shiga jami'a bana.

Inna: Wa alaikumus salam. Yaya, ɗiyar nan tun tana aji uku a sakandare ba ta da zance sai na lauya. Jiya ko tuwo ba ta taɓa ba, takardar sakamakon tana ninke cikin littafin adabinta. Ina zan iya ce mata ta haƙura?

Malam: Alhaji, a gafarce ni, ban yarda maki ne komai ba. Shekaru na yi ina koyar da adabin Turanci a Mabera, na ga masu maki sama da na Auta sun rasa, na ga na ƙasa da ita sun shiga. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke yankin jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Auta 'yar Sakkwato ce, kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta sa a zaɓin farko. Sakkwato tana cikin yankin jami'ar, tana kuma cikin waɗancan jihohin. Ke nan ko layin farko ya fi ƙarfinta, akwai biyu a gabanta.

Kawu: To Malam, ita kaɗai ce 'yar yanki? 'Yan Kebbi da Zamfara fa? Kowa da ɗansa.

Yaya Babba: Kawu ya faɗi gaskiya a nan, kuma abin ya fi haka tsanani. Ina aji huɗu a tsangayar shari'a, mun san zancen. Jami'a ba ta da ikon ɗibar yadda take so. Hukumar kula da ilimin lauyoyi ta ƙasa ce ke yanka wa kowace tsangaya adadin da za ta ɗauka, domin duk wanda ya gama shekara biyar ɗinsa sai ya wuce makarantar horar da lauyoyi, ko Bwari, ko Bagauda ta Kano, ko Yola, ko wani reshen, kafin a rantsar da shi. Kujerun can ƙidayayyu ne. Shi ya sa gurbin lauya ke da tsada ko'ina. Amma Kawu, abin da ke hana ni barci ba 234 ba ne. Inna, mi ta samu a adabi a WAEC?

Inna: D7 ne, ɗiyata. Sauran duk kiredit, har lissafi da Larabci.

Malam: Innalillahi. To ga inda gizo ke saƙar. Ba kiredit a adabin Turanci, ba karatun lauya, ko da 300 ta ci. Na taɓa samun ɗalibi, yaro mai kai, ya zo gidana bayan la'asar da takardarsa a hannu yana share hawaye da hular kansa. Makinsa ya fi na kowa a ajinsu, amma adabi ya kayar da shi, ba wanda ya lura sai da aka gama tantancewa. Har yau ina jin ciwon abin, don da na duba da wuri da an gyara. Hajiya, ta zana NECO?

Inna: Ta zana, Malam. Sakamako muke jira.

Malam: Alhamdulillahi. To kada a taɓa komai sai ya fito. In ta samu kiredit, ranar nan a kai ta cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora sakamakon a kan CAPS, wato shafin JAMB na bayar da gurbin karatu. Tun 2017 da aka kawo tsarin, duk gurbi ta nan yake bi, kuma wanda bai ɗora sakamakonsa ba ba a duba shi. Ku karanta sharuɗɗan tsangayar da idonku kan haɗa sakamakon jarrabawa biyu, kada ku dogara da "an ce".

Kawu: In kuma NECO ɗin ta ƙi fa? Ta zauna gida tana kallon sa'o'inta suna hawa motar Dundaye zuwa jami'a? Ni wannan nake gudu, ba wai ba na son ta zama lauya ba.

Yaya Babba: Ba za ta zauna ba, Kawu. Akwai jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, ta sake adabin. Akwai IJMB, shirin share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, mai kyakkyawan sakamako ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Ba na ɓoye muku, can ma gurabe kaɗan ne. Abin da ba na so shi ne ta shiga wani kwas da niyyar za ta sauya daga ciki. Ajin lauya a cike yake tun daga ƙofa, wa zai tashi ya ba ta kujera? Kuma Larabcin nan da ta ci zai yi mata rana, tunda a nan dokar zamani da shari'ar Musulunci tare muke karanta su.

Kawu: Ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba, 234 ba ta kwantar min da hankali. Amma na yarda a jira NECO. In adabi bai fito ba, za mu sake zama.

Malam: Na karɓa, Alhaji. Kafin nan a turo min ita Asabar da safe, mu fara shirin tantancewar jami'a. Ta taho da littattafan adabinta duka.

Inna: Za ta zo in sha Allah. Bari in je in faɗa mata, ko ta samu ta ci abinci.