Bayan ɗiyata ya karkace, an ba mu randebu sai nan da wata huɗu: mu jira ko mu taso Yamai?

Tela Mai Keke (Tawa)

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da tsawon bayani, kwana uku ke nan rabona da barcin kirki.

Ni tela ce a nan Tawa, shekara goma sha tara ina kan keke. Ɗiyata ta biyu shekararta 13, tana sankiyam a kolej. Duk suturar da ta taɓa sawa tun ta ranar suna ni na ɗinka, babu awon jikinta da ba ya cikin littafina.

Ana saura kwana goma ƙaramar Salla na yanka mata doguwar riga ta shadda. Da ta sa sai na ga bakin rigar ya fi sauka ta hagu. Na ce laifina ne, aikin dare da fitilar waya ga gajiyar azumi. Na farke na sake ɗinki. Ta sake sawa, haka dai. Sai na shimfiɗa rigar bisa tebur na auna gefe da gefe, suka fito daidai cif. Nan gabana ya faɗi.

Na ja ta ɗaki na ce ta tuɓe ta ba ni baya. Kafaɗar dama ta ɗara ta hagu da wajen santi biyu, allon kafaɗar ya turo waje, ƙugun kuma gefe guda ya fi lotsawa. Ɗankwalinta ya faɗi, ta duƙa za ta ɗauka, sai haƙarƙarin dama ya taso kamar an kifa 'yar ƙwarya ƙarƙashin fata. Wallahi sai da na dafa bango. Yarinya kullum cikin hijabi har gwiwa, wankanta ita kaɗai tun tana shekara tara, wa zai gani? Ita kuma ta ce ba ta jin ciwon komai.

Bayan Salla muka je wani kilinik. Suka kwantar da ita suka yi mata radiyo, wato hoton ƙashi, na ƙasan baya kawai, suka ce ba wani abu ba ne, suka rubuta farasitamol da ƙwayar kalsiyam, wai ta bar rataya jaka a kafaɗa ɗaya. Raina bai kwanta ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na kai ta wajen wani likita dabam, shi ya sa ta duƙa ya duba, ya ce yana zaton sikoliyoz ne, wato karkacewar ƙashin baya, ya ba mu takarda zuwa ga likitan ƙashi a Yamai. Ƙanena da ke can ya je da takardar, aka ba shi randebu, wato ranar ganin likita, sai nan da wata huɗu.

Babanta ya ce mu jira tunda ba ta ciwo. Uwar mijina ta ce a kai ta wajen maɗori. Ni kuma littafin awo nake kallo: daga kafaɗa zuwa idon sawu, bara 112, bana 118. Yarinyar ga tsawo take kamar gero a tsakiyar damina, kuma ba ta fara ganin al'ada ba tukuna. Wata huɗu ba zai yi mata illa ba? Tawa zuwa Yamai ba nan kusa ba ne, kilomita ɗari biyar da ɗoriya, ba na son in kwashi yarinya da kuɗin mota mu je a ce mana mu koma. Wanda ya san hanya don Allah ya nuna mini.

Inna Ta Ƙonni

Allah ya ba ta lafiya, ɗiyata. Ba ɗaukar bido a ka ba ne kuwa? Yaran yanzu tun ƙashinsu bai yi ƙwari ba ake ɗora musu ruwa. Ki hana ta talla da ɗaukar kaya, a rinƙa gasa mata bayan da ruwan ɗumi da man shanu. Akwai mai ɗori a wajenmu da hannunsa ke da albarka, in kina so.

Tsohon Majo (Yamai)

Inna, a gafarce ni, ba gardama nake da ke ba. Maɗori aikinsa karaya da targaɗe. Wannan ƙashin bai karye ba, murɗewa yake yi yana girma, shi ya sa haƙarƙari ke tasowa gefe guda. Ja da danna ba sa miƙe shi. Kuma ba bido ba ne, ba jakar lakkol ba ce, ba rashin kalsiyam ba ne. Da ɗaukar kaya a ka na kawo shi, da babu mace mai miƙaƙƙen baya daga nan har Agadas. Mafi yawan irin wanda ke fitowa a shekarun balaga ba a san sababinsa ba, sai dai yana bin dangi, don haka a duba ƙannenta su ma.

Hajiya, kafin maganar layi, amsa mini waɗannan. Shekara talatin na yi a asibiti, kuma a ƙasarmu in yaro ya zo da baya a lanƙwashe, abin da muke fara kawarwa shi ne tarin fuka na ƙashin baya, wanda likitoci ke kira cutar Pott. Tana zazzaɓin yamma ko zufar dare? Ta rame? Akwai mai tsohon tari a gidan? Ciwon baya na tashinta daga barci? Ƙafafunta na sanyi ko sagewa, tana tuntuɓe, ko fitsari na kufce mata? In ɗaya daga ciki ya kasance, babu zancen randebu, gobe da safe ki kai ta babban asibitin jiha na nan Tawa, ko asibitin Galmi in ya fi miki sauƙi. Na tarin fuka yakan yi ƙusumbi mai tsini a tsakiyar baya, yana ciwo, kuma yana da magani. Abin da kika kwatanta bai yi kama da shi ba, amma likita ne zai yanke.

A kuma auna tsawon ƙafafunta biyu. In ɗaya ta gaza, baya kan karkata don ya biya bashin, kuma da yaro ya zauna sai karkatar ta ɓace.

Tela Mai Keke (Tawa)

Na gode Baba Majo. Babu ko ɗaya, alhamdu lillahi. Ci take kamar gara, jiya ma ita ta yi tseren gudu da ƙannenta a tsakar gida. Ƙafafun na auna su da kaina sau uku, daidai suke. A zaune ma tudun na nan. Inna, na gode da addu'a, bido kam famfo ne a gidanmu.

Kine (Yamai, Lazare)

Yaya, sannu da ƙoƙari. Aikina ke nan, gashin ƙashi da motsa jiki, kuma yara irin taki suna zuwa hannuna, yawanci a makare.

Hankalinki ya tafi inda ya dace. Abin da ke tura wannan karkata gaba shi ne girma. Lokacin da yarinya ta fi saurin tsawo shi ne gab da fara al'ada, bayan ta fara kuma girman na raguwa har ya tsaya cikin kamar shekara biyu. A wannan tsakanin karkatar na iya ƙaruwa da digiri ɗaya ko fiye a wata. Wata huɗu ga yarinya mai shekara 16 da ta gama tsawo ba komai ba ne. Ga taki yana iya zama komai.

Matsalar ita ce takardar da ƙanenki ya kai ba ta da lamba ko ɗaya. Sakatare ya ga "ana zato", ba ciwo, ga masu karaya da masu haɗarin kabu-kabu cike da benci, dole ya sa ku a ƙarshen layi. Ki koma wajen likitan da ya tura ku ki roƙe shi abu uku.

Ya rubuta sabon radiyo, a tsaye, ba takalmi, tun daga wuya har ƙugu, ta gaba da ta gefe. Na kwance da aka yi muku ba ya aiki, don in mutum ya kwanta karkatar na raguwa, kuma ma ba a ɗauki wajen da abin yake ba. In ba su da dogon fim, a yi biyu a haɗa. A kan hoton ake auna kusurwar Cobb, wato yawan karkatar ƙashin a digiri. Daga digiri 10 ake kiran shi sikoliyoz. Ƙasa da 20 zuwa 25 sa ido ake yi, a sake hoto bayan wata huɗu zuwa shida. Daga wajen 25 zuwa 40, in yaro na kan girma, korse ake sa masa, wata rigar roba mai tauri da ake ƙerawa daidai jikinsa. In ta kai 45 zuwa 50 sai a fara zancen tiyata. A hoton dai ake duba saman ƙashin ƙugu a ba da lambar Risser, daga 0 zuwa 5: sifili na nufin da sauran girma da yawa, biyar an gama. Na uku, ya rubuta ƙarara cewa shekararta 13, ba ta fara al'ada ba, ga kuma santin da ta ƙara a shekara. Littafin awonki hujja ne, ki ɗauki hoton shafin.

Takarda mai ɗauke da waɗannan, a nemi a miƙa ta ga likitan kansa ko majon sashen, wato babban nas. Kada kuma ku soke randebun farko, ku riƙe shi kuna neman na kusa. Ƙofa ba ɗaya ba ce a Yamai: akwai Babban Asibitin Ƙasa, akwai Lamorde, akwai Asibitin Referans, akwai kuma asibitin yara na CURE a nan unguwarmu, wanda tun 2010 yake aikin ƙashin yara kamar murɗaɗɗiyar ƙafa da gwame. Ƙanenki ya zaga da hoton a waya ya tambayi wanda ke duba bayan yara da kuma inda ake ƙera korse, kafin ku hau mota.

Abin da ya sa nake matsa miki: korse ba ya mayar da baya kamar da, hana shi ƙaruwa yake yi, kuma yana aiki ne kawai muddin ana girma. An yi babban bincike a Amurka da Kanada, aka fitar a 2013: cikin yaran da suka sa korse, kashi 72 cikin ɗari sun gama girma ba su kai matakin tiyata ba, waɗanda aka sa wa ido kawai kashi 48. Waɗanda suka riƙa sa shi fiye da awa 13 a rana sun kai wajen kashi 90. Tiyatar kuwa babbar magana ce, ta ƙarfe da kusoshi a ƙashin baya. Asibitin da ya yi suna a kanta a yankinmu shi ne FOCOS a Akara ta Gana, ki lissafa hanya da masauki da kuɗin aiki. Motsa jikin da muke koyarwa na taimakawa tare da korse, amma duk wanda ya ce miki tausa kaɗai za ta miƙe digiri 30, kuɗinki yake so.

Ɗaliba (Harobanda)

Tanti, ni na sa korse shekara biyu da rabi, daga 13. Yanzu ina jami'a, bayana na nan da 'yar karkatarsa, ba wanda ke lura sai na faɗa.

Abin da likita ba zai gaya miki ba: zafi. Roba ce, a watan Afrilu kamar an sa ki cikin tukunya. Ƙuraje suka feso mini a kwiɓi, na riƙa cire shi a makewayin lakkol ina ɓoyewa cikin jaka, sai an tashi in mayar. Wata uku ina haka mamata ba ta sani ba, sai hoto ne ya tona ni. Don Allah kada ki yi mata faɗa in kin kama ta. Ku zauna ku raba awannin tare, na dare duka, na rana a bar mata lokacin da rana ta fi ƙuna in likita ya yarda. Kuma ku bar zancen a bakin baƙi. Abin da ya fi ci mini rai ba robar ba ce, wata gwaggona ce da ta ce a gabana, "To wa zai aure ta haka?"

Hijabi dai ya yi mini rana, ba wanda ya gane a aji.

Tela Mai Keke (Tawa)

Jama'a, na dawo da labari, yau kwana ashirin da uku.

Likitanmu bai ji haushi ba ko kaɗan, ya sake rubuta radiyon. Mai ɗaukar hoton ya so ya kwantar da ita, na ce a tsaye aka rubuta, ya dube ni ya dubi takardar, ya ce to. Fim biyu aka yi aka manna da salatif. Cobb 29, Risser 0. Na aika wa ƙanena ta WhatsApp tare da sabuwar takarda da shafin littafina. Ya yi sawu uku kafin ya samu majon, amma da likitan ya ga lambobin sai ya ce a kawo ta ranar Talata mai zuwa.

Mun hau motar asuba, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, muka isa Yamai ƙafafu a kumbure. Dubawar ba ta fi minti ashirin ba. Ya ce korse, awa 18 a rana, a sake hoto da shi a jiki, sannan mu riƙa dawowa ana dubawa har ta gama tsawo. An naɗe ta da filasta daga hammata zuwa ƙugu don a ɗauki siffar jikinta, ta yi kuka kaɗan, ta yi dariya da ta ga gangar jikinta tsaye a kan tebur ba kai. Kuɗin ba wasa ba ne, tunkiyata da ɗanta sun tafi kasuwa. Babanta da ya ga hoton, ƙashin ya yi lanƙwasa kamar lauje, bai ƙara cewa a jira ba. Uwar mijina har yanzu tana kan maɗorinta, na ce mata in an gama da wannan.

Ƙanwarta mai shekara 10 na sa ta duƙa, ban ga komai ba, amma likitan ya ce in riƙa dubawa duk wata shida.

Ɗiyata ta Harobanda, ke nake nema yanzu. An ce a sa riga ta auduga a ƙarƙashi, mai kama jiki, marar ɗinki a gefe. Na yanka guda shida, na juya ɗinkin ta waje. Abin da ban sani ba shi ne hammata: a yi mata ɗan hannu ya rufe bakin robar, ko a bar ta shimi? Jibi za mu koma karɓo korsen, ina so in gama su kafin mu tashi.