Mai yankan farce ya yanke ni, tun ranar barci ya gagare ni

Assalamu alaikum. Admin don Allah a sakaya sunana. Ni magidanci ne a Katsina, ina da shagon kayan masarufi wajen Ƙofar Ƙaura. Wata biyu da suka wuce mai yankan farce ya biyo layinmu yana kaɗa almakashi. Ya gama da maƙwabcina, ya tsoma almakashin cikin ruwan kumfa na 'yar robarshi, sannan ya zo kaina. Wajen gyara gefen babban yatsa ya ɗan haɗa da nama, jini ya tsattsafo, ya danna mani auduga. Sai da dare abin ya faɗo mani a rai: in fa cikin waɗanda ya yi wa akwai mai cutar ƙanjamau?

Bayan sati biyu na yi zazzaɓi. Aka gwada aka ce maleriya ce, na sha magani na warke, amma zuciyata ta ƙi yarda. Kullum ina shafa wuyana ina neman kaluluwa, in haska harshena da fitilar waya gaban madubi, in raba dare ina bincike a Google. Na ƙaurace wa maiɗakina, ga ta tana shayarwa, na ce mata gajiyar kasuwa ce. Yarana ma na daina cin abinci kwano ɗaya da su. Da aka yi wata guda na je gwaji, aka ce ba ni da ita, sai kuma na karanta wai cutar takan ɓuya. Masu sani ku taimaka mani, har ramewa na fara.

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka karanta a nitse. Ƙwayar nan ba ta da juriya in ta bar jikin mutum, iska da bushewa da ruwan sabulu duk suna karya ta. Hanyoyinta sanannu ne: saduwa ba kariya, ƙarin jinin da ba a tantance ba, sake amfani da allurar da aka yi wa mai cutar, sai daga uwa zuwa jariri a ciki ko haihuwa ko shayarwa. Mu da ke aiki a asibiti, in allurar da aka zaro daga jikin wanda aka tabbatar yana da cutar ta soke mu, waɗanda ke kamuwa kamar 3 ne cikin 1,000. Kuma wannan allura ce mai rami, da ɗanyen jini a cikinta, ta nutse cikin nama. Kai fa? Almakashi ne da aka tsoma cikin kumfa, ba ka ga jinin kowa a kai ba, ba ka ma san ko akwai mai cutar cikin waɗanda aka yi wa ba. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na manya ke ɗauke da ita, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 0.6.

Batun ɓuya gaskiya ne, amma yana da iyaka. Gwajin da ake ɗiga jinin yatsa yana neman alamar da garkuwar jiki ke samarwa ne, ita kuma takan ɗauki har kwana 90 kafin ta bayyana a wasu mutane. Idan ka cika wata uku ka je Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ka sake yi sau ɗaya. Abin da ya nuna shi ke nan, an rufe magana.

Wani matashi: Yaya ka je kemis ka nemi maganin PEP kawai, wanda ake sha don kariya in ana zargin ƙwayar ta shiga jiki, an ce yana kashe ta.

Ma'aikaciyar jinya: A'a, kar ya soma. Wannan magani ana fara shi ne cikin awa 72 da faruwar abu, a sha kwana 28, kuma likita ke duba ko ya cancanta. Bayan wata biyu ba shi da wani amfani, irin wannan yankan ma da wuya a ba da shi.

Wani mai shagon aski, Sabuwar Unguwa: Alhaji ka sayi abin yanke farce naka ka aje a aljihun teburin shago, in ya zo ka miƙa mashi. Kilifa ma haka, kwastomomina da yawa da tasu suke zuwa kuma ba na jin haushi. Reza kuwa a ɓare sabuwa a gabanka.

Wata baiwar Allah: Ɗan'uwa, ni ina ɗauke da cutar, ina karɓar magani, kuma yarana lafiyarsu ƙalau. Tare muke cin tuwo, kofi ɗaya muke shan ruwa. Yawu da gumi da musabaha da cizon sauro ba sa ɗaukar ta. Abin da ya taɓa ni a maganarka yaran nan ne. Ba su san laifin da suka yi babansu ya janye hannu daga kwanonsu ba. Don Allah yau ka zauna ka ci da su.

Wani dattijo, Ƙofar Marusa: Yaro, wannan waswasi ne, kuma na ga yadda yake cinye mutum da ranshi. Ka lizimci azkar na safe da maraice, ka aje wayar nan in ka yi sallar isha'i. Sannan ka faɗa wa iyalinka gaskiya. Mace mai jego da mijinta ya juya mata baya ba bayani, Allah kaɗai ya san abin da take saƙawa a ranta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na ji, zan yi mata magana in sha Allah. Anti nas, to ciwon da nake ji a wuyana fa? Kuma ina tsoron ko an sake gwajin zuciyata ba za ta yarda ba.

Ma'aikaciyar jinya: Wurin da kake dannawa safe da yamma dole ya yi tsami, ka bar taɓa shi sati ɗaya ka gani. Ba a gane wannan cuta da kallon harshe ko shafa wuya, gwaji kaɗai ke nuna ta. Ban ga dalilin ƙaurace wa maiɗakinka ba, ranar gwajin ma ku tafi tare. Tunda za ka je, ka ce a haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B, don ita ce ƙwayar da ke iya kai kwana 7 a jikin ƙarfe. In ba ka da ita ka yi rigakafi, allura uku ne cikin wata shida.

In kuma sakamako ya fito lafiya ka ji har yanzu kana son sakewa, kar ka koma ɗakin gwaji, ka shiga wajen likita ka zayyana mashi rashin barcin da ramar da binciken daren. Fargabar ciwo ita ma lalura ce da ake magancewa, da zaman tattaunawa, wani lokaci da magani, kuma ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum ya taɓu. Ba ma sai ka jira wata ukun ba, in barcin ya ci gaba da gagara ka je cikin satin nan.