Keke ɗaya a gida mai yara uku: a gyara tsohon ko a sayo wani?

Baban Abba, Ɗorayi, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar keke, da kuma iyayen da ke da yara 'yan makaranta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin A Daidaita Sahu na kai yara makaranta da dawo da su ya fi ƙarfin albashina, saboda haka na fito da tsohon keken Phoenix da mahaifina ya bari, mai taya inci 28 da birkin ƙarfe, na ba babban ɗana mai shekara 14 yana zuwa makaranta da shi wajen Kabuga. Idan ya dawo da yamma kuma ƙannensa biyu su yi ta rububinsa har magariba.

Yanzu keken ya zama abin cin kuɗi. Sarƙa tana yawan faɗuwa, tayar baya ba ta daɗewa ba ta sace ba, fedar hagu kuma tana girgiɗi tana ƙara duk lokacin da aka taka. Mahaifiyarsu ma ta fara ƙorafi, domin keken a tsakar gida yake kwana, baƙin man da ke jikin sarƙar yana ɓata wandon makaranta da kayan shanya, ga kuma rigimar wanda zai hau da wanda ya lalata. Wani abokin aikina ya ce in sayar da shi in cika kuɗi in sayo ɗan kwatano mai giya. Shin wannan ita ce mafita, ko kuwa akwai gyaran da za a yi wa tsohon ya zauna lafiya? Allah Ya saka da alheri.

Usman Mai Gyaran Keke, Kano

Wa alaikumus salam, Baban Abba. Shawarata ita ce kada ka sayar da keken nan, muddin ƙarfen jikinsa bai tsage ba kuma bai lanƙwashe ba. Phoenix ƙirar birnin Shanghai ne na ƙasar Sin, an yi shi a kan fasalin tsofaffin kekunan Ingila irin su Raleigh, wanda har masana'anta ya taɓa yi a Bompai a nan Kano, kuma saboda daɗewar wannan fasali a ƙasarmu babu garin da za ka je ka rasa kayan gyaransa ko wanda ya iya ɗaura su. Abubuwa ukun da ka lissafa duk ƙananan cututtuka ne, sai dai kowanne yana da musabbabin da idan ba a kawar da shi ba za a yi ta biyan kuɗin gyara a banza.

Bari in fara da tayar, tun da ita ce ta fi cin kuɗinka. Mai faci da yawa yakan toshe hujin da ya gani ya mayar da tiyub, ba tare da ya tambayi kansa abin da ya huda shi ba, alhali wurin da hujin yake shi ke faɗin mai laifi. Idan hujin yana gefen da ke fuskantar ƙasa, to ƙaya ce ko ƙusa ko gilashi, kuma sau da yawa tana nan maƙale a cikin tayar tana jiran sabon faci, saboda haka dole a bi cikin tayar da yatsa a hankali kafin a mayar. Idan hujin yana gefen da ke kwance a kan rim, to kawunan wayoyin taya ne ke cin tiyub ɗin saboda robar da ke rufe su ta tsinke, kuma maganinsa shi ne a yanko tsohon tiyub a zagaye rim ɗin da shi. Idan kuwa huji biyu ne ƙanana a jere kusa da juna, to iska ce ta yi ƙaranci har rim ya datse tiyub lokacin da aka faɗa rami, wanda kuma shi na fi zargi a keken da yara ke goya juna a kai. Akwai na huɗu da ba huji ba ne sam: bawul ɗin irin wannan keke yana da 'yar siririyar roba a ciki wadda zafi ke busarwa. A shafa yawu a bakin bawul, in ya yi kumfa to a sauya robar, kuɗinta bai kai na faci ba. Ka sayi famfo na gida, a riƙa latsa tayar da babban yatsa kowace safiya, in ta lotsa a ƙara iska.

Sarƙa kuma ko dai ta yi sako-sako ne ko ta tsufa. A keke marar giya, idan ka ɗaga tsakiyarta da yatsa bai kamata ta motsa fiye da rabin inci ba, kuma ana ɗaure ta ne ta hanyar sassauta notocin ƙafar baya a ja ta baya kaɗan, a tabbatar ta zauna a tsakiya kafin a sake ɗaurewa. Tsufa kuwa ana auna shi. Tsakanin kowace ƙusar sarƙa da ta kusa da ita rabin inci ne, don haka tazara 24 ya kamata ta ba da inci 12 cif. In ta zarce da kamar milimita ɗaya da rabi, a sauya sarƙar. In ta zarce da milimita 3, to ta riga ta cinye haƙoran baya, sai a sauya su tare, domin sabuwar sarƙa ba ta zama a kan tsofaffin haƙora. A auna da rula ta ƙarfe ko ta katako, ba da tef ɗin tela ba, saboda shi kansa yana miƙewa.

Fedar da ke girgiɗi ita ce ba na so a jinkirta. Akwai wata ƙusa mai shafaffen gefe da ke riƙe sandar feda a jikin ƙarfen tsakiya, kuma idan ta cinye aka ci gaba da takawa, sai ramin sandar ya buɗe, ƙaramin gyara ya koma babba. A sa sabuwa, a buga ta da guduma ta zauna sosai, sannan a ɗaure notinta. Wanda ya ce zai ja ta da noti kawai zai cinye zaren ne. In ma fedar kanta za a cire, a tuna cewa ta hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ne ta ɓangaren da ake ɗaure sauran notoci.

Umman Khadija, Zariya

Baban Abba, Malam Usman ya yi bayanin ƙarfe, ni kuma zan yi magana a kan gidan, domin a ganina can ne ciwon yake. Keken da yara uku ke hawa ba tare da an ce na wane ne ba, babu mai kula da shi, kuma duk gyaran da za ka yi masa ba zai daɗe ba. Tukunyar da kowa ke girki da ita, ita ce ke kwana ba a wanke ba. A gidanmu, mahaifinsu ya tara su ya ce keken amanar babban ne: shi ke riƙe mukullin, shi ke goge shi ranar Asabar, shi za a tambaya in wani abu ya ɓaci, ƙannensa kuma ba sa hawa sai da izininsa, a lokacin da aka yanke musu, tsakanin dawowa daga Islamiyya da kiran sallar magariba. Amma aka haɗa masa da sharaɗin cewa ba shi da ikon hana su wannan lokaci don son rai, in ba haka ba amana ta koma mulki, ƙanana su tsani keken su tsani yayansu.

Game da ƙorafin mahaifiyarsu, tana da gaskiya. A samar wa keken wuri guda a zaure ko ƙarƙashin rumfa, nesa da igiyar shanya da murhu, a ɗaure shi da kwaɗo a jikin wani abu da ba ya ɗaguwa ko da a cikin gida ne, tun da zaure kowa na shiga. Rana tana fasa taya, ruwan damina kuma yana kawo tsatsa, ashe ajiyar da ta kare kayanta ita ce ta kare keken. Shi kuma yaron ya riƙa naɗe ƙafar wandonsa ta dama ko ya cusa ta cikin safa, kuma in murfin sarƙar ya ɓace a sayo wani a mayar.

Abin da ya fi damuna shi ne goyon ƙananan yara a kariya. Ƙafar yaro tana shiga cikin wayoyin tayar baya cikin ƙiftawar ido, ta ɗaye fatar diddige ko ta karya ƙashi, kuma yawanci da silifas ko ba takalmi ake hawa. In dole ne a goya, a sa wa keken matakin ƙafa da abin da zai tare gefen tayar, yaron ya sa takalmi rufaffe. Ni dai ban yarda ɗan shekara 14 ya goya ƙaninsa a babban titi ba, komai iyawarsa.

Malam Sani, Maraɗi

Ina gaida kowa. Na yarda da yawancin abin da aka faɗa, amma ina ganin an yi saurin kore ɗan kwatano. Keken inci 28 an yi shi ne don babban mutum, yana da tsayi da nauyi, kuma birkinsa na ƙarfe yana raguwa ƙwarai idan rim ya jiƙe da ruwan sama. A nan wajenmu inda rairayi ya yi yawa, yaran da ke zuwa lakwal, wato makarantar boko, sun fi samun sauƙi da keke mai faffaɗar taya inci 26, domin ba ya nutsewa kuma ƙayar tsidau ba ta saurin ratsa shi. Ga ƙananan kuwa, ganin yaro ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya yana tuƙi a karkace abin dariya ne a lungu, amma a titi haɗari ne. In hali ya samu, a bar wa babban Phoenix ɗin, a nema wa ƙannensa ƙarami mai inci 20 ko 24, ko da na hannu ne.

Wanda zai sayi ɗan kwatano ya kula da abu ɗaya da ke ruɗa mutane, wato lambar taya. Akwai tayoyi fiye da ɗaya da ake kira inci 26, haka ma inci 28, kuma ba sa shiga rim ɗin juna. A duba ƙananan lambobin da ke gefen tayar: 559 ita ce ta keken hawan dutse da aka fi samu a kasuwa, 590 wata 26 ce dabam, 635 ita ce ta Phoenix, 622 kuma ta kekunan Turai ce duk da ana ce mata 28. Kafin ka biya, ka tambayi mai kayan gyara na unguwarku ko yana da wannan lambar. Maganar mai kuma, ni tsohon baƙin man babur nake zuba wa sarƙata kuma ban ga ta yi tsatsa ba.

Baban Abba, Ɗorayi, Kano

Na gode muku ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Mun duba tiyub ɗin tare da yaron, kuma facin duk a gefen rim suke, robar da ke rufe kawunan wayoyin ta zama gutsi-gutsi. Hajiya Umman Khadija, na karanta wa mahaifiyarsu amsarki, ta ce in gaishe ki. Saura tambaya biyu ga Malam Usman: wane mai ya kamata a sa wa sarƙa, tun da Malam Sani ya ambaci tsohon baƙin mai, kuma yaya zan san ko keken bai yi wa yaron girma ba?

Usman Mai Gyaran Keke, Kano

Malam Sani ya yi gaskiya a kan lambobin taya da kuma raunin birkin ƙarfe a cikin ruwa, amma a kan tsohon baƙin mai ban bi shi ba. Yana hana tsatsa, wannan haka ne, sai dai yana ɗauke da garin ƙarfen inji, kuma a hunturu yana kama ƙura ya zama laka mai cin sarƙa da haƙora. Shi ne kuma ke ɓata wandon da ake ƙorafi a kai. A wanke sarƙar da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bari ta bushe, a ɗiga sabon man inji ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda ya shige ciki, sannan a goge bayanta da tsumma har ta kusa bushewa, domin man da ke aiki shi ne na ciki. A hunturu man keken ɗinki ma ya isa saboda ba shi da kauri, amma a damina ruwa yana wanke shi, sai a koma mai kauri a kuma ƙara bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Boris na ƙafafu da na wuya giris suke so, a buɗe su a sabunta bayan damina. Kada mai ya taɓa rim ko robar birki ko kaɗan.

Girman keke kuma ana gane shi kamar haka: yaron ya tsaya a ƙasa da keken a tsakanin ƙafafunsa, in sandar tsakiya tana taɓa shi ko sai ya yi ɗage, to ya yi masa girma, sai a koma shawarar Malam Sani. In ya wuce wannan, ya zauna a sirdi ya ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugunsa ya karkata ba, a ɗaure sirdin a nan. Ka kuma sa ya gwada ko yatsunsa suna kai wa birki su matse shi sosai, domin hannun birkin Phoenix yana da nisa ga ƙaramin hannu. Tun da hanyarsa ta bi ta Kabuga, ka ja masa kunne ya riƙa bin hannun dama tare da motoci, kada ya fuskance su, ya bar tazara tsakaninsa da A Daidaita Sahu saboda tsayawarsu ba sanarwa, kuma a ranar ruwa ya fara taɓa birki tun daga nesa don robar ta share rim. Hular kwano da ƙararrawa da jan madubin baya mai ƙyalli ka haɗa su cikin kuɗin gyaran nan, ka kuma ce wa mai gyaran ya duba robar birkin gaba da ta baya kafin ya ba ku keken.